Ƙaramar sifikar Bluetooth mai araha: abin da za ta iya da abin da ya fi ƙarfinta

Ka ce kana son sayen ƙaramar sifikar Bluetooth mai sauƙin kuɗi, wadda za ka jefa a jaka ka tafi da ita duk inda za ka, ta yi sauti mai daɗi, da bas, da ƙara, batirinta kuma ya daɗe. Ka ga an rubuta wa wata wat 10, wata wat 50, wata ma wat 200, alhali duk girmansu kusan ɗaya ne, har ka rasa wadda za ka yarda da ita.

Ɗan'uwa, gyara da haɗa kayan sauti shi ne aikina, kuma gara in fara gaya maka abin da ba a rubutawa a jikin kwali: abubuwan nan da ka lissafa ba sa taruwa duka a ƙaramin akwati, ko mai tsada ne, balle mai araha. Ba laifin kamfani ba ne kawai, haka sauti yake. Amma in ka san wanne za ka haƙura da shi tun kafin ka saya, za ka samu sifika mai araha da za ta yi maka aiki shekaru ba tare da ka yi da-na-sani ba.

Mu fara da bas, domin nan ne aka fi ruɗin mutane. Sauti iska ce ake turawa. Kwanon da ke cikin sifika yana zuwa gaba ya dawo baya, iskar da ya tura ta iso kunnenka. Kunnen mai cikakken ji yana kama kaɗawa daga kusan sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, shi ne abin da ake rubutawa 20Hz zuwa 20kHz. Bas shi ne sauti mai kauri, mai ƙarancin kaɗawa. Siririn sauti yana can sama, bas yana can ƙasa. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa wajen 41Hz. Matsalar kuwa ita ce, duk lokacin da ka sauko da sauti zuwa rabin kaɗawarsa, sai kwanon ya tura iska ninki huɗu kafin ƙarar ta tsaya yadda take. Daga 200Hz zuwa 100Hz ninki huɗu ne. Daga 200Hz zuwa 50Hz ninki 16 ke nan. To kwanon ƙaramar sifika faɗinsa yawanci milimita 40 zuwa 50 ne, tafiyarsa gaba da baya kuma 'yan milimitoci ce. Ina zai samo wannan iskar? Ka duba ƙaramar ganga da babba: duk ƙarfin makaɗi, ƙaramar ba za ta yi amon babbar ba, domin fatarta da cikinta ba su kai ba.

Masu ƙera sifika sun daɗe da sanin wannan. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH a Amurka, cewa abu uku ne: ƙanƙantar akwati, zurfin bas, da samun ƙara da wuta kaɗan. Biyu za ka zaɓa, na ukun sai ka sake shi. Sifikar da ake yawo da ita ta riga ta zaɓi ƙanƙanta, kuma batiri take sha, ba ta da wutar ɓarnatarwa. Saboda haka bas mai zurfi ne yake tafiya. Yawancin 'yan ƙananan ba sa fitar da abin kirki ƙasa da 80Hz zuwa 100Hz, ko da kwalin ya ce daga 20Hz suke farawa. Duk lambar da aka rubuta ba a haɗa ta da ma'auni irin ±3dB ba, wato iyakar hawa da saukar ƙara a ma'aunin desibel, ba ta gaya maka komai ba, domin sifika tana iya motsi a 20Hz kunne bai ji ko ɗis ba.

Me ya sa to wasu ƙanana suke ba mutum mamaki da bas? Dabaru ne, kuma dabaru masu kyau in an iya su. Ta farko ita ce wani faifan roba da za ka gani a gefe ko a baya yana rawa, ba shi da maganaɗisu, ba shi da waya. Iskar da ke kulle a cikin akwatin ce take kaɗa shi, an kuma auna nauyinsa yadda zai taimaka daidai inda kwanon ya fara gazawa. Wannan faifan ba ya aiki sai akwatin ya toshe ruf, babu inda iska ke zurarewa. In ka samu dama, ka danna shi a hankali da yatsa sifikar tana kashe: na gaske za ka ji yana turo yatsanka, ya dawo da laushi. Na sha buɗe sifikun da faifan nasu ado ne kawai, ko kuma na gaske ne amma mahaɗar akwatin tana yoyon iska, sai ka ji huci da kakari maimakon bas.

Dabara ta biyu tana cikin 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa sautin kafin ya kai ga kwano. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna a binciken da suka yi a Bell Labs cewa kunnenmu ba ya jin bas sosai in sauti yana ƙasa-ƙasa. Sai masu ƙira suke ƙara bas ɗin lokacin da ka rage murya, in ka fara ƙurewa kuma su janye shi sannu a hankali don kada kwanon ya wuce iyakarsa ya lalace. Shi ya sa za ka ji sifika a rabin murya ta cika ɗaki da daɗi, da ka kai ta ƙarshe sai ta koma siririya mai tsawa. Mutane suna kawo min irin wannan su ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau, kare kanta take yi. Wadda ya kamata ka guje wa ita ce wadda ba ta da wannan kariyar: kana ƙure ta sai muryar mawaƙi ta dishe, kwanon ya riƙa buga jikinsa, roba tana karkarwa. Akwai kuma wata baiwa ta kunne da suke amfani da ita. Kowane amon kiɗa yana tafe da 'ya'yansa a sama, wato ninki biyu, ninki uku na asalin kaɗawar. Ko sifika ba ta fitar da 50Hz ba, in ta fitar da 100Hz da 150Hz da 200Hz da kyau, ƙwaƙwalwa tana cike gurbin, ka ji kamar amon na ƙasa yana nan. Ba za ka ji shi a ƙirjinka ba, amma za ka iya bin kiɗan.

Abin da ba na so shi ne bas na yaudara, inda ake kumbura sautin da ke tsakanin 100Hz da 200Hz don a burge mai saye a minti na farko. Bum-bum ɗin yana da daɗi da farko, amma nan ne gindin muryar namiji yake, sai magana ta koma kamar daga cikin rufaffen ɗaki ake yin ta. Bayan sa'a guda kunne ya gaji.

Sai maganar wat, wadda ita ce ta fi damunka. Bari mu yi lissafi, ba shi da wuya. Yawancin masu araha batiri ɗaya ne a cikinsu, mai bolt 3.7. In aka ba amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, wannan wutar kai tsaye, kwanon kuma mai om 4 ne (om ma'aunin turjiya ga wuta ne), abin da za ta iya bayarwa ba tare da sauti ya fashe ba bai kai wat 2 ba. In an ɗaga wutar zuwa bolt 5, ana samun kusan wat 3. Masu ɗan inganci suna ɗaga wutar fiye da haka ko su jera batiri biyu, su ne ke kaiwa wat 10 zuwa 20 na gaskiya. Yanzu ka juyo ta ɓangaren batiri. Batiri mai 2,000mAh (ma'aunin cajin da yake ɗauka) a bolt 3.7 yana ɗauke da ƙarfin da zai ba da wat 7.4 na sa'a ɗaya. Da a ce sifikar tana fitar da wat 50 ba tsayawa, da ba za ta yi minti goma ba. In kwali ɗaya ya ce maka wat 50 kuma sa'a 12, to ka raba 7.4 gida 12, za ka ga a tsaka-tsaki wutar da take sha wajen kashi shida cikin goma ne na wat ɗaya kawai. Gaskiya ne kiɗa ba ya jan wuta iri ɗaya kowane lokaci, bugu ɗaya yana iya ninka matsakaicin sau da yawa, amma ba zai kai ka wat 200 ba. Manyan lambobin nan galibi PMPO ne, ma'aunin da ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita. In za ka duba lamba, ka nemi wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da sifikar ke iya bayarwa a ɗore.

Ko wat ɗin na gaskiya ne ma, bai kai yadda ake zato ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, bambancin da za ka lura da shi amma ba zai girgiza ka ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Don haka tsakanin mai wat 10 da mai wat 15, ingancin kwanon da girman akwatin su ne za su raba gardama. Ka kuma sani cewa a fili, inda babu bango, duk lokacin da ka ninka nisanka da sifika desibel 6 ne suke zubewa. Wadda ta cika maka ɗaki za ta yi wa mutum biyar ko shida da suka kewaye ta a waje hidima, amma ba ta taro ba ce, kada ka ɗora mata wannan nauyin.

To me za ka saurara? Murya. Wannan shi ne abin da ƙaramar sifika za ta iya yi da kyau ƙwarai, kuma nan ne ake gane mai kyau da marar kyau. Tsohon layin tarho daga 300Hz zuwa 3,400Hz kawai yake ɗauka, amma ana gane magana sarai, domin mafi yawan abin da ke sa a fahimci kalma yana cikin wannan tsakanin. Ƙaramin kwano ba ya wahala a nan. In sifika ta fitar da tsakiyar sauti a tsabtace, labarai da karatu da hira za su fito tas, waƙa ma za ta yi daɗi ko da bas ɗin bai yi zurfi ba. In tsakiyar ta lalace kuwa, babu bas ɗin da zai cece ta.

Ga yadda nake gwadawa, kai ma za ka iya. Ka zo da wayarka da abin da kunnenka ya saba da shi, kada ka yarda da waƙar da aka zaɓa maka. Ka fara da magana zalla ta mutum ɗaya. Ka lura ko muryar ta fito kamar mutumin yana gabanka, ko kuwa ta toshe, ko tana fita ta hanci. Ka lura da haruffa irin su s da sh da ts: in suna sukar kunne, an cika siririn sauti don a ɓoye rashin inganci. Daga nan ka sa kiɗa mai kayan bugu da yawa, ka ɗaga murya a hankali har kusan kashi 70 cikin ɗari, domin a nan za ka fi amfani da ita in kana waje. Sannan ka ƙure na ɗan lokaci, ka riƙe ta a hannu ka ji ko akwai abin da ke karkarwa, maɓalli ko raga ko murfin caji. A ƙarshe ka dakatar da kiɗan, ka kai kunnenka kusa. Ɗan huci kaɗan ba komai ba ne, amma in kana jin sa daga nesa da taku ɗaya, ko kana jin wani tsiwirwiri mai tashi da sauka, zai dame ka da dare lokacin da kake saurare a hankali. In kana gwada guda biyu, ka daidaita ƙararsu tukuna. Kunne kullum yana ba wadda ta fi ƙara gaskiya, ko da ita ce marar kyau.

Lambar Bluetooth kada ta ɗauke maka hankali. Ko 5.0 ce ko 5.3, ba ita ke gyara sauti ba. Abin da ke ɗaukar kiɗa daga waya zuwa sifika tsarin matse sauti ne, kuma wanda kowace na'ura take da shi, SBC, yana kaiwa kusan kilobit 328 a daƙiƙa, ya wadatar da kwano mai milimita 45 har da saura. Sauran tsare-tsaren matse sauti irin su AAC da aptX da LDAC suna da amfaninsu a manyan kaya da abin sawa a kunne mai inganci, amma a nan ba su ne matsalar ba. Abin da za ka gwada shi ne riƙon haɗin: ka sa wayar a aljihun baya ka juya, ka matsa taku goma. Bluetooth yana aiki ne a 2.4GHz, zangon da Wi-Fi ma yake amfani da shi, kuma jikin mutum yana tare shi saboda ruwan da ke cikinsa. Mai ƙaramar eriya marar kyau nan take za ta fara yankewa. Akwai kuma jinkiri na kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Manhajojin bidiyo da yawa suna gyara shi da kansu, wasannin waya kuwa ba sa iyawa.

Sitiriyo, wato raba sauti hagu da dama, shi ma kada ya ɗauke maka hankali. Kwano biyu da tazararsu ba ta wuce tsawon hannu ba, da ka matsa mita biyu sun zama ɗaya a kunnenka. Na fi son kwano ɗaya babba mai kyau a kan biyu ƙanana a akwati mai girma ɗaya. In kana son faɗin sauti na gaske, ka nemi wadda ake iya haɗa biyu iri ɗaya, ɗaya hagu ɗaya dama, ka ƙara ta biyun daga baya.

Yanzu sauƙin ɗauka. Mutane suna auna shi da nauyi kawai, alhali abin da ke sa a bar sifika a gida ya fi haka yawa. Kusan aji uku ne. Akwai 'yan aljihu masu giram 200 zuwa 300, akwai masu siffar gora da ke kaiwa rabin kilo ko ɗan fiye, sai manya masu mariƙi da suka haura kilo ɗaya. In magana ce mafi yawan abin da kake saurare, ta aljihu ta ishe ka, kuma ita ce za ka riƙa ɗauka kullum. In kiɗa ne, ajin tsakiya nake ba ka shawara, domin a nan ne akwatin ya fara samun cikin da zai yi bas mai ma'ana, kuma har yanzu tana shiga gefen jaka. Manyan suna da sauti, amma bayan mako biyu yawanci kan tebur suke zama. Ka sani kuma sifika mai girma da ka ɗaga ka ji ta fayau, alama ce ta ƙaramin maganaɗisu da ƙaramin batiri da siririyar roba, kuma siririyar roba tana rawa tare da kiɗan tana ɓata shi.

Ka duba igiya ko maratayi, da ƙafafun roba a ƙasa don kada ta riƙa tafiya a kan tebur in bas ya buga. Ka duba ko maɓallan suna dannuwa da kansu a cikin jaka, domin sifikar da ke kunna kanta za ka iske batirinta ya ƙare lokacin da kake buƙata. Wasu kuma suna da sanarwa mai ƙara da ba a iya ragewa duk lokacin da aka kunna ko aka haɗa, abu ne ƙarami amma yana hana amfani da ita kusa da mai barci.

Lambar IP, wadda ke nuna juriyar sifika ga ƙura da ruwa, tana da ma'ana takamaimai, ƙa'idar IEC 60529 ce. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. X na nufin ba a gwada wannan ɓangaren ba. IPX4 fantsalin ruwa kawai take jurewa, IPX5 tana jure feshi, IPX7 kuma an gwada ta cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IP67 ta haɗa wannan da toshe ƙura gaba ɗaya, kuma ga abin da za a riƙa yawo da shi, 6 ɗin nan tana da daraja, domin maganaɗisu yana janyo ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin ƙura, in ya shiga inda koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa kwanon, ke motsi sai ka ji sauti yana ƙarzawa. Gwajin da ruwa mai tsabta ake yin sa, ba ruwan gishiri ko na sabulu ba, kuma sai murfin caji yana rufe. In ta jiƙe, ka bari ramin cajin ya bushe sarai kafin ka sa waya. Kalmar "ba ta jin ruwa" da ba ta zo da lamba ba, ka ɗauke ta kamar ba a faɗa ba.

Sa'o'in batirin da ake rubutawa galibi a wajen rabin murya ake auna su, fitilu a kashe. In za ka riƙa ƙurewa, ka sa ran rabin abin da aka ce ko ƙasa da haka, fitilun ado kuma ka kashe su. Ramin caji ya zama USB-C, don waya ɗaya ta yi maka wayar hannu da sifika. Sai dai wasu masu araha ana barin wasu ƙananan kayan lantarki biyu da ake kira rizisto a cikin ramin ba a sa ba, sai su ƙi caji da waya mai USB-C a kai biyu, su yarda da mai babban kai a gefe ɗaya kawai. Ka gwada da cajar da za ka riƙa tafiya da ita. In tana da ramin waya na milimita 3.5 ko gurbin katin ajiya, ƙari ne mai amfani, domin suna hutar da batirin wayarka.

Batirin litiyam yakan yi caji 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu a fili, kuma zafi ne babban makashinsa. Kada ka bar ta cikin rufaffiyar mota a rana, kada ka ajiye ta watanni babu caji ko kaɗan. In ka ga jikinta ya kumbura ko tana zafi sosai wajen caji, ka daina amfani da ita nan take. A irin waɗannan sifikun batiri ne yake riga komai mutuwa, kwanon da amfilifayar suna nan lafiya. Wadda aka ɗaure da kusoshi, mai batiri irin 18650, canja shi aikin 'yan mintoci ne a wurin mai gyara. Wadda aka manne da gam don hana ruwa kuwa, buɗe ta yana da wuya, kuma in an buɗe da ƙyar take komawa ta toshe yadda take, sai a rasa kariyar ruwan, a rasa wani abu daga bas ɗin ma.

In ka kawo ta gida, inda ka ajiye ta zai canja sautinta fiye da yadda kake tsammani. Ka matsar da ita kusa da bango, tazarar tafin hannu ɗaya ko biyu, bas zai ƙaru ba tare da ta sha ƙarin wuta ba. A kusurwa ya fi ƙaruwa, har wani lokaci ya yi yawa ya rufe murya, sai ka ɗan janyo ta. Ka ɗora ta a kan abu mai ƙarfi da ba ya rawa, ka fuskantar da ita wajenka daidai tsayin kunne in zai yiwu, domin siririn sauti miƙewa yake yi, ba ya zagayawa kamar bas. A manhajar gyaran sauti ta waya kuma, kada ka ɗaga layin 60Hz, wahalar da kwanon kawai za ka yi a kan abin da ba zai iya fitarwa ba. In sautin ya yi maka duhu, ka ɗan rage wajen 150Hz zuwa 250Hz, muryar za ta fito fili.